Tura waƙa kyauta tana kashe kasuwar mawaƙi ne ko tallata shi take?

Wani ƙanina mai tasowa a harkar waƙa ya turo min tambaya yace, Yaya ni fa kaina ya ɗaure, wasu sunce in na bari waƙata ta shiga hannun 'yan dawunlodin da masu turawa a WhatsApp da Telegram to na kashe kasuwata da hannuna, wasu kuma sunce ai wannan shine tallan da ba'a biyan ko sisi, wanne ne gaskiya?

Toh ƙanina ka zauna da kyau don amsar tana da ɗan tsawo. Na daɗe a wannan harka, tun ana buga kaset, aka koma faifan sidi, yanzu kuma aikina ɗora waƙoƙin mutane a manhajojin saurare, saboda haka abun nan a kan idona ya faru. Amsata a taƙaice itace, cinikin kwafin waƙa dai tura-turan nan ya illata shi, duk wanda yace maka bai illata ba ko dai bai taɓa tsayawa a shagon kaset ba ko kuma baya son ɓata maka rai. Amma shaharar mawaƙi ya taimake ta. Matsalar da mutane basa lura da ita shine, aljihun da asarar ta faɗa masa daban, aljihun da ribar shaharar ta shiga daban. In ka gane wannan ka gane komai.

Bara na fara daga Amurka don can ne aka fara rikicin kuma can ne ake da lissafi a rubuce. A watan Yunin 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning, shekarunsa basu kai ashirin ba, shi da abokinsa Sean Parker suka fito da manhajar Napster. Dabarar mai sauƙi ce, waƙar bata zaune a wurin kamfanin, tana cikin kwamfutocin mutane ne, Napster kawai tana nuna maka cewa wane yana da abunda kake nema sai ka jawo daga wurinsa kai tsaye, shima ya jawo naka. Kafin kace kwabo miliyoyin mutane sun afka, musamman ɗaliban jami'a da suke da intanet mai gudu a ɗakunan kwanansu. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka wato RIAA ta maka su kotu a ƙarshen shekarar, mawaƙan Metallica suma suka shigar da tasu ƙarar a 2000, a watan Yulin 2001 aka rufe Napster. Amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe, Kazaa da LimeWire da irinsu suka maye gurbi, daga baya kuma ga shafin Pirate Bay daga Suwidin.

Yanzu ka duba kuɗin. A 1999 cinikin waƙoƙin da aka naɗa a Amurka ya kai dala biliyan 14.6, shine ƙololuwa. Zuwa 2014 ya dawo wajen biliyan 7. Rabi ya tafi a shekara goma sha biyar, manyan shagunan saida faifai irin su Tower Records suka durƙushe a 2006. Kowa zai ce ai magana ta ƙare, Napster ta zo kasuwa ta faɗi. Sai dai masana tattalin arziki basu yarda da irin wannan saurin yanke hukuncin ba, kuma suna da hujja, don abubuwa da yawa sun haɗu a lokaci ɗaya. A shekarun 1990 mutane suna ta sake sayen tsofaffin waƙoƙin da suke dasu a kaset da garmaho don su mallake su a sidi, wannan ya kumbura ciniki, kuma dole wata rana a gama. Ga fina-finan DVD da wasannin bidiyo sun shigo suna cin kuɗin matasa. Sannan ga babba, a watan Afrilun 2003 Apple ta buɗe shagon iTunes tana saida waƙa ɗaya a kan santi 99. Da can in kana son waƙa biyu dole ka sayi kundin gaba ɗaya a wajen dala goma sha biyar ko fiye, yanzu ka ɗauki biyun da kake so da dala biyu ka bar sauran. Ko babu ɓarawo ko ɗaya wannan kaɗai ya isa ya rage kuɗin shiga.

Shi yasa aka shiga bincike na gaske. Wanda yafi tada ƙura shine na Felix Oberholzer-Gee na Harvard da Koleman Strumpf, ya fito a 2007 a wata babbar mujallar tattalin arziki. Sun bi diddigin abunda mutane suka sauke a ƙarshen 2002 suka kwatanta da cinikin faifai mako mako, kuma sunyi wata dabara da har yau take burge ni. Sun lura cewa yaran Jamus suna cikin waɗanda suka fi samar da waƙoƙin da Amurkawa ke jawowa, to in makarantun Jamus suna hutu yaran suna gida kwamfutocinsu a kunne, saukewa a Amurka sai tayi sauƙi. Sai suka ce bara mu gani, a makonnin da saukewa tayi sauƙi saboda hutun Jamus, cinikin faifai a Amurka yana sauka? Sakamakonsu yace tasirin kusan babu shi. Kamfanoni suka fusata, masu son kyauta suka yi ta murna. Amma wani malami a jami'ar Texas da ke Dallas, Stan Liebowitz, ya shafe shekaru yana sukar aikin nan, yana cewa lissafin hutun Jamus ɗin bai tsaya da ƙafarsa ba, shi a ganinsa kusan duk faɗuwar kasuwar tura-turan ne ya jawo ta. Su kansu masu binciken farko daga baya sun sassauta, suka ce zai iya zama ya jawo wani kaso amma bai wuce ɗaya cikin biyar na faɗuwar ba.

Ni wanda yafi kwanta min shine na Rafael Rob da Joel Waldfogel na 2006, don yayi daidai da abunda na gani da idona a kasuwa. Sun tambayi ɗaliban jami'a abunda suka saya da abunda suka sauke, suka gano kusan duk kundi biyar da aka sauke kyauta ana asarar cinikin guda ɗaya. Ka riƙe wannan lissafin da kyau don yana gyara ƙaryar ɓangarori biyun. Kamfanoni suna lissafa duk waƙar da aka sauke a matsayin cinikin da aka sace musu, ba haka bane, huɗu cikin biyar ɗin nan dama ba zasu saya ba ko da babu intanet, yaron da yake da waƙa dubu uku a waya ai ba mai sayen faifai dubu uku bane. Amma masu cewa babu illa suma basu faɗi gaskiya ba, don ɗayan nan da ya rage in ka ninka shi sau miliyoyi shine albashin mutane.

Akwai wata shaida da nake ganin tafi ƙarfi ma, wato abunda ke faruwa idan aka tsorata masu saukewa. A ranar 1 ga Afrilun 2009 Suwidin ta fara aiki da wata doka da ta bawa masu haƙƙin mallaka damar neman sunan mai layin intanet ta kotu. Zirga-zirgar intanet a ƙasar ta faɗi nan take, kuma masu bincike a jami'ar Uppsala sun gano cinikin waƙa ya ɗaga da sama da kashi ɗaya cikin uku a watanni shidan farko. Da tsoron ya sake mutane sai abu ya fara komawa yadda yake. A Faransa ma da aka kawo dokar Hadopi ta hana saukewa ba izini a 2009 an ga cinikin iTunes ya ƙaru. In da tura-turan talla ne zalla ai da rage shi rage ciniki zaiyi, amma sai akasin haka aka gani. Wannan ne yasa nace maka tun farko illar gaskiya ce.

Sai dai yadda kamfanonin suka tunkari abun wallahi ya ɓata min rai a lokacin kuma har yanzu. Daga Satumban 2003 RIAA ta koma kai ƙarar ɗaiɗaikun mutane, ta fara da 261, kafin ta daina a ƙarshen 2008 sun haura dubu talatin, ciki harda ɗalibai da yara da tsofaffi. Wata uwa a jihar Minnesota, Jammie Thomas, a kan waƙa 24 aka ce ta biya dala dubu 222, aka sake shari'a a 2009 kuɗin ya koma dala miliyan 1.92, daga baya aka dawo da shi na farko. Kaga mutanen da suka fi kowa son waƙa su ka mayar abokan gaba, kuma saukewar bata tsaya ba.

Abunda ya karya lagon satar ba kotu bace, sauƙi ne. Spotify ta fara aiki a Oktoban 2008 a Suwidin ɗin nan dai, gidan Pirate Bay, kuma tunanin Daniel Ek, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, shine a yi abunda yafi sata daɗin amfani, ka danna waƙa ta tashi nan take, babu jira babu ƙwayar cuta a kwamfuta, ka biya kuɗi kaɗan a wata ko ka jure talla. Mutane suka dawo biya. Zuwa 2023 kasuwar Amurka ta kai dala biliyan 17.1, kashi 84 cikin ɗari daga saurare kai tsaye ne. In ka cire hauhawar farashi bata kamo 1999 ba, amma ta farfaɗo. Wato da yawan masu saukewa ba wai sun rantse ba zasu biya bane, hanyar biyan ce tafi hanyar satar wahala.

Toh yanzu mu zo kan tallan da abokanka suke magana, don suma basu yi ƙarya ba. Tun 2004 wani ɗalibin digirin digirgir a Harvard, David Blackburn, ya nuna cewa tura-turan yana cutar da manyan mawaƙa amma yana taimakon waɗanda ba'a sani ba, kuma hankali ma zai baka haka. Wanda kowa ya sani baya buƙatar a gabatar dashi, duk kwafin da ya fita kyauta ragi ne a cinikinsa. Wanda ba'a sani ba kuwa bashi da cinikin da za'a rage, babban maƙiyinsa shine rashin jin sa. Misalin da nafi so ba daga Turai yake ba, daga nan maƙwabta ne. Mdou Moctar, Buzun nan mai kaɗa jita daga Nijar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, babu wani kamfani da ya fitar dashi a hukumance, waƙoƙin suka dinga yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori har suka ratsa sahara suka kai arewacin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane yaji muryarsa, ya saka waƙar a wani kundin haɗaka, ya sha wahala kafin ya gano waye mai waƙar ya nemo shi. Yau bawan Allahn nan yawo yake yana wasa a Amurka da Turai. Da ace ya kulle waƙarsa yace sai an biya, da wataƙila har yau bukukuwan ƙauye kawai yake yi. Amma ka lura, kuɗinsa ba daga memorin nan suka fito ba, daga dandalin wasa da kwantiragi suka fito. Memori ta kai sunansa, wata ƙofar ce ta kawo kuɗin.

Kuma mu Hausawa wannan tsarin ba baƙo bane a wurinmu. Su marigayi Shata, wanda ya rasu a watan Yunin 1999 ɗin nan da Napster ta fito, ba da cinikin faifai suka yi arziki ba. Kaset ɗinsu an kwafa an sake kwafa a kowace tasha, rediyo tana sakawa dare da rana, su kuma abincinsu yana wurin iyayen gida da biki da sarauta, kyautar riga da doki da mota. Kaset ɗin shela ce kawai. Mawaƙin yau da yake samun kuɗi a wasan sallah da ɗaurin aure da waƙar siyasa da tallan kamfani a kan wannan tsohuwar turbar yake tafiya, shi yasa zaka ga shi da kansa yake aika sabuwar waƙarsa wurin 'yan dawunlodin, wani har ya haɗa musu da ɗan na goro don su cusa ta a memorin duk wanda yazo. A Legas ma haka akayi da 'yan kasuwar Alaba, mawaƙa suna biyan kuɗi don a saka waƙarsu a faifan haɗaka.

Inda zuciyata take sosuwa shine waɗanda basu da wata ƙofar. Mawaƙi in waƙa ta tashi za'a gayyace shi biki a yi masa liƙi. To mai kiɗan da ya kwana uku a situdiyo yana haɗa sautin fa? Yarinyar da tayi amshi fa? Wanda ya rubuta baitin, wanda ya gyara murya, furodusan da ya zuba kuɗinsa? Babu mai gayyatar mai haɗa sauti yazo biki. Waɗannan rabonsu a jikin kwafin yake, ranar da kwafi ya zama kyauta ranar aka yanke musu hanya. Na san wani mai kiɗa da muka yi aiki tare shekaru, hannunsa yana cikin waƙoƙin da babu gidan bikin da ba'a saka ba a lokacin, an biya shi kuɗin aikin rana ɗaya shikenan, da kasuwar faifai ta mutu furodusoshi suka rage abunda suke biya, ƙarshenta ya saida kayan aikinsa ya koma wata sana'a. Har yau in naji kiɗansa yana tashi a wayar wani raina sai ya ɓaci. Haka 'yan kasuwar faifai na Ƙofar Wambai da Bata a Kano, mutane ne da suke bada kuɗi tun kafin a gama aiki su ɗauka su raba har Nijar da Kamaru da Gana, da sidi ya mutu wannan jarin ya ƙafe, kuma fim yafi waƙa jin jiki don shi ɗan fim bashi da dandalin da zai je ya maimaita fim ɗin a biya shi. Shi yasa Kannywood ta tattara ta koma YouTube da masu dogon zango.

Saboda haka ƙanina in ka tambaye ni me zaka yi, ga abunda nake faɗawa duk yaron da yazo wurina. A matakin da kake yanzu kada ka ɓata ƙarfinka wajen hana turawa, ba zaka iya ba, Xender kaɗai ta ishe ka, kuma kai yanzu ji kake nema. Amma kada ka bari waƙar ta fara fita ta hannun wani. Kafin ka turawa kowa, ko abokinka na ƙut da ƙut, ka tabbata ka ɗora ta da sunanka a tasharka ta YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify, wadda ta shigo Najeriya a Fabrairun 2021. Dalili kuwa, abunda yafi cutar da mawaƙan arewa a yau ba yaron da ya turawa budurwarsa waƙa bane, mutumin da zai ɗauki waƙarka ya ɗora a tasharsa ya saka hotonka yana karɓar kuɗin talla ne, wani ma har yayi rajistarta a matsayin tasa sai kazo ɗora abunka a ce maka kai ne ɓarawo. Na sha raba irin wannan rigimar, kuma wanda ya riga ɗorawa da shaida a hannu shi yake da sauƙin nasara. Ka ajiye asalin fayil ɗin situdiyo da ranar da akayi aikin. Ka faɗi sunanka a cikin waƙar, don in ta shiga memori sunan fayil canzawa yake, ka tuna wahalar da aka sha kafin a gano Mdou Moctar.

Kada kuma ka ɗauka kuɗin manhajojin nan zasu riƙe ka da wuri. Spotify tace ta biya mawaƙan Najeriya sama da naira biliyan 25 a 2023, ya haura biliyan 58 a 2024, amma mafi yawa yana tafiya ne ga manyan da ake ji a ƙasashen waje, don sauraro ɗaya daga Ingila ko Amurka ya ninka na gida daraja nesa ba kusa ba, tunda kuɗin rajista da na talla a can sun fi yawa. Masu jinmu da yawa data tana musu tsada, gara su bada ɗan kuɗi kaɗan a cika musu memori. Shi yasa Hausawan da ke zaune a Saudiyya da Turai da sauran wurare suke da muhimmanci a lissafinka fiye da yadda kake zato, kuma su ta YouTube zasu same ka, ba ta shagon dawunlodin ba.

Sai abu na ƙarshe da nake roƙonka dashi don Allah. Tunda kai kana da ƙofar biki da wasa, su kuma mutanen bayan fage basu da ita, ka rubuta yarjejeniya dasu tun kafin waƙa ta fita, ko a takarda ɗaya ce, kowa ya saka hannu, mai kiɗa kaso kaza, mai amshi kaza, marubuci kaza daga duk abunda ya shigo ta intanet. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sakawa hannu a Maris 2023 ta tanadi hanyar da zaka nemi a sauke aikinka daga shafin da ya ɗora ba izini, amma takardar nan ce zata nuna waye mai me in rigima ta tashi. Yawancin kamfanonin da ke ɗora waƙa a manhajoji yanzu suna da tsarin raba kuɗi kai tsaye, ka saka sunan kowa da kasonsa, in kuɗi ya shigo kowa nasa ya tafi asusunsa ba sai ya biyo ka yana roƙo ba. In kazo situdiyo ranar Asabar ka taho da mai kiɗan naka, zan nuna muku yadda ake cikewa.